Rubutu ɗaya, karatu daban

A darasin kimiyyar harshe an koya mana cewa bokon Hausa ba ya nuna karin sauti. Rubuta "kuka". Itacen da ake miya da ganyensa kake nufi, ko hawayen yaro? Baƙaƙen ɗaya ne, murya ce ke rarrabewa.

Ni ba ɗalibin likitanci ba ne, amma da wannan na gane wani abu game da jikin dabbobi masu shayarwa. Ɗauki jar akuyar Maraɗi da ke cike da gidajenmu a Madarunfa. Ƙwayar halittar hantarta da ta ƙwaƙwalwarta duk DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi. To, mi ya sa wannan ta zama hanta, waccan ƙwaƙwalwa?

Sashen DNA ɗin mutum da ke ba da umarnin ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran, an daɗe wasu na ce masa shara. Ashe daga cikinsa ake kwafo wasu RNA da ba sa zama furotin, aikinsu tsara abin da za a karanta da wanda za a rufe. A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano ƙanana daga cikinsu a jikin wata ƴar tsutsa, aka ba su kyautar Nobel a 2024. Irinsu na jikinmu: miR-124 na taimakon ƙwaya ta zama ta jijiyar ƙwaƙwalwa, miR-1 kuma ta tsoka. Sukan liƙe wa saƙon da bai dace da wurin ba, su hana a yi aiki da shi.

Kun san kyanwa mai launi uku, baƙi da ja da fari? Kusan kullum mace ce. Mace na da kuromozom X biyu, kuma tun 1961 Mary Lyon ta ce kowace ƙwaya na rufe bakin ɗaya. Wani dogon RNA, Xist, shi ke lulluɓe shi. Nan aka rufe mai ja, can mai baƙi, sai gashi ya fito dabbare-dabbare.

Ƴan uwa, abin da ke damuna shi ne saurin kiran abu shara don ba mu iya karanta shi ba. Haka ake yi wa Hausa, wai ba ta ɗaukar kimiyya. Ga shi ta ɗauka. Wanda ke da gyara kan kalmomin da na zaɓa, ya kawo a fitowa ta gaba.