Furodusan Da Ba Ya Shirya Fim

Duk mai bin harkar finafinan Hausa ya san wane ne furodusa. Shi ne mai zuba kuɗi, kuma a gindinsa kowa ya ke ci, tun daga darakta da jarumai har mai ɗaukar fitila. Ranar da ya janye hannu, lokeshan ya watse ke nan. To amma akwai wani furodusan da ba ya shirya fim, ya na nan cikin littafin kimiyya na 'yan firamare. Wannan shi ne tsiro: gero, ciyawa, kuka, gawo, duk abin da ke haɗa abincinsa da kansa daga hasken rana da ruwa da iska. Sauran halittu a gindinsa su ke ci. Mai cin tsiro ko cin wata dabba shi ne konsuma, mai ruɓar da abin da ya mutu ya koma ƙasa kuma dikomfoza.

Matsalar ita ce, kalmomin nan da Turanci su ke zuwa wa yaro, shi kuma hadda ya ke yi musu. Zai rero maka ma'anar konsuma tiryan-tiryan, amma ka nuna masa akuyar gidansu ka ce a wane rukuni ta ke, sai ya tsaya ya na sosa ƙeya.

Ƙanwata malama ce a wata firamare ta gwamnati, ta na riƙe da aji biyar mai yara sama da saba'in. Da makon bita ya zo kafin jarrabawa, sai ta ce, "Yaya, tunda kai ka san harkar wasan kwaikwayo, zo ka taya ni raba wa yaran nan rawar da za su taka." Na je, kuma wasanni uku na gani, waɗanda duka-duka ba su ci kuɗin katin waya ba.

Na farko na zare ne. An yanka kwali an rubuta sunaye: rana, gero, fara, ɓera, ƙadangare, maciji, shaho, fumfuna. Kowane yaro ya rataya ɗaya, suka yi da'ira a tsakar makaranta. Mai rana ya riƙe bakin zaren saƙa ya miƙa wa gero, gero ya miƙa wa fara, a haka har zaren ya zama kamar saƙar gizo. Sharaɗin shi ne ba ka karɓar zare sai ka faɗi matsayinka da abin da ka ke ci. Can sai Malama ta ce, "Mutanen gari sun kashe macizai kaf!" Mai maciji ya saki zarensa, duk wanda ya ji nasa ya yi sako-sako ya ɗaga hannu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malama, ashe ɓeraye za su cinye geron ke nan?" Ba wanda ya faɗa mata haka. A hannunta ta ji shi.

Na biyu kacici-kacici ne tsakanin ɓangarori biyu. Wani yaro ya ce, "Ba na noma, ba na farauta, amma duk wanda ya mutu nawa ne." Amsa: dikomfoza. A al'ada, wanda ya kasa amsa gari ya ke bayarwa. Ita kuwa sai ta ce a ba da mazaunin halittu, fadama ko tafki ko daji, wanda ya karɓa kuma sai ya lissafo halittu uku da ke zaune a ciki kafin a ba shi maki.

Na uku da tsakuwa aka yi. An ba ciyawa guda 100, amma 10 kacal ta miƙa wa akuya, akuya kuma ta miƙa wa kura guda 1. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abinci ne ke haurawa daga wannan mataki zuwa na gaba. Sauran ya na ƙarewa a motsi da numfashi da ɗumin jiki. Nan take yaran suka gane dalilin da ya sa ciyawa ta fi awaki yawa, awaki kuma suka fi kuraye.

Wataƙila mai karatu ya ce, to duk wannan don cin jarrabawa ne kawai? A'a. Dubi dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke sauka can ya canza. Ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suka shiga uku, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu mafaka a cikinta su na yi wa shinkafa da gero ɓarna. An taɓa zare ɗaya, sauran duk suka motsa. Yaran da ke aji biyar yau su ne gobe za su yanke shawarar sare gawo ko barinsa a gona. Wanda ya san ganyen da gawo ke zubarwa da damina taki ne, ba zai yi saurin ɗaukar gatari ba.

Gaskiya wasa a aji ya na da nasa ciwon kan. Akwai hayaniya, akwai masu fakewa da shi su yi shiririta, akwai kuma iyayen da za su ce karatu suka turo 'ya'yansu, ba wasa ba. Su ma su na da hujja, domin wasan da ba a tsara ba tamkar fim ne da aka shiga ɗauka babu rubutaccen labari. Dokokin ƙanwata uku ne. Wasa bita ne, sai an koyar da darasin tukuna. Ba a samun maki sai an furta kalmar da ma'anarta. Minti goman ƙarshe kuwa na komawa aji ne, kowa ya zana abin da aka yi a littafinsa ya rubuta kalmomin da hannunsa.

Malaman firamare da ke karanta wannan mujalla, ku gwada ko da sau ɗaya ne a zangon nan. Iyaye kuma, in an zauna cin tuwon dare, ku tambayi ɗanku daga ina tuwon ya fito, ku bi shi a hankali daga kwano zuwa gona, har ku kai ga rana.