Ranar da Na Ce wa Abokina "Ka Yi Ƙoƙari"

Akwai wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya da shi a shekararmu ta biyu a jami'a. Ba shi da wani buri da ya wuce ya zama darakta. Da kuɗin abincinsa da wayar hannu ta aro ya shirya wani fim na minti 25 a kan kuɗin adashi da suka ɓace a ɗakin kwanan ɗalibai. Mutum huɗu ake zargi, aka kuma sa wani ɗan aji uku ya fito a matsayin mai bincike. Da ya gama haɗawa sai ya zaunar da ni, ya kunna mini, ya ce, "Mutumina, tsakaninka da Allah ka gaya mini gaskiya."

Na kalla har ƙarshe. Ƙarar janareto ta cinye rabin maganar 'yan wasa. Ɓarawon kuwa, da aka tona asirinsa, ashe wani baƙo ne da ya zo daga ƙauye, wanda ko inuwarsa ba mu gani ba sai a minti biyun ƙarshe. Na dubi abokina, na ga yadda ya ƙura mini ido, sai na ce, "Wallahi ka yi ƙoƙari, ai ba ka da kuɗi." Ya yi murna. Ni kuwa na kwana ina jin kunyar kaina, domin na san ba rashin kuɗi ne ya ɓata fim ɗin ba.

Mai karatu, tun muna yara mun san dokar kacici-kacici. Idan mutum ya kasa, yakan ba da gari a faɗa masa amsa. Amma da zarar an faɗa, dole ya ji a ransa cewa amsar tana cikin tambayar tun farko, shi ne bai lura ba. Idan kuwa amsar ba ta da alaƙa da tambayar, to an cuce shi, an ci garinsa a banza. Fim ɗin binciken laifi kacici-kacici ne da ake yi da hoto. Turawa ma sun daɗe da gane haka. A 1929 wani marubuci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox ya jera dokoki goma na irin wannan labari, ta farkonsu kuma ita ce lallai mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun a farkon labari. Bin wannan doka ba ya cin ko kwabo.

Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne fim ɗin Following na Christopher Nolan, wanda ya fito a 1998. An yi shi a Landan da kimanin dala 6,000, ba shi da kala, tsawonsa kusan minti 70. 'Yan wasan duk suna da ayyukansu na yau da kullum, saboda haka ranakun Asabar ake ɗauka, aka shafe wajen shekara guda. Da yake faifan ɗaukar hoton yana da tsada, sai su yi ta gwaji tukuna, don kada a maimaita ɗauka fiye da sau ɗaya ko biyu. Mafi yawan hasken na taga ne, gidajen kuma na 'yan uwa da abokai.

Labarin wani saurayi ne da ke bin mutane a titi don neman abin rubutawa, har ya faɗa hannun wani ɓarawo mai suna Cobb. Ba a jere aka ba da labarin ba, ana gaba ana baya. To, ta yaya mai kallo zai san inda yake? Da kamannin saurayin: wani wuri gashinsa ya yi buzu-buzu, wani wuri ya yi aski ya sa kwat, wani wuri kuma fuskarsa ta kumbura don duka. Aski da kwat da ɗan kwalli sun yi aikin da wani zai ce sai da miliyoyi. Makamin da ke cikin fim ɗin ma guduma ce, abin da ake samu a kowane gida. Wannan mutumin ne ya ci kyautar Oscar ta gwarzon darakta a 2024 da fim ɗin Oppenheimer.

Daga nan na tsayar wa kaina ma'auni. Ina yafe wa ƙaramin fim dusashewar hoto da girgizar kyamara da ɗan wasan da kunya ta kama. Amma akwai tambayoyi uku da ba na ɗaga ƙafa a kansu. Shin na ji maganar da ake yi? A irin wannan fim kalma ɗaya tana iya zama makullin komai, don haka kashe janareto ya fi sayen sabuwar kyamara. Shin an nuna mini alamun da mai bincike ya gani? Sannan idan na sake kallo bayan na san amsa, labarin zai tsaya da ƙafarsa ko zai rushe?

Bayan mako guda na koma wurin abokina na janye maganata ta farko, na gaya masa waɗannan. Ya ce ni ɗan baƙin ciki ne, ya yi kwana goma ba ya amsa gaisuwata. Rannan da asuba sai na ji yana tashina, wai in zo in riƙe masa waya. Fitowa ɗaya ya sake ɗauka: baƙon nan zaune a gefen gado tun a mintin farko, ana ƙirga kuɗin adashi a gabansa, yana shan shayi kamar babu ruwansa. Da aka nuna wa 'yan ɗakinmu, biyu suka gano ɓarawon, shida suka kasa, kuma duk shidan suka ce a mayar musu da farkon su gani.

Har yanzu ana jin janareton a wasu wurare, na kuma gaya masa hakan ba tare da na ɓoye ba.