Wasiƙa Daga Liverpool: Macijin Cikin Gilashi

Yaya,

 Ka isar mini da gaisuwa ga mutanen Gyadi-Gyadi, musamman 'yan majalisar ƙofar gida. Mu nan sai godiya, sanyi ne dai ya sako mu gaba.

Saƙon da ɗanka ya turo mini ta WhatsApp ne ya zaunar da ni rubutu, kuma na ga ya fi dacewa amsar ta bi ta hannunka. Wai ya ga bidiyon Turawa suna wasa da ƙananan macizai a falo, ya ji ana sayensu da tsada, shi ne yake tambaya ko ya nemi gardi ya riƙa kamo masa, ni kuma in riƙa sayarwa a nan. Na yi dariya har da hawaye, amma yaron bai yi ƙarya ba. A ƙasar nan ana kiwon maciji kamar yadda samarin Tarauni ke kiwon tattabara.

Wani Bature abokin aikina yana da guda a ɗakinsa. Akwatin gilashi ya saya masa, da fitilar ɗumi, da na'urar auna zafi, da ɗan kogon da zai riƙa ɓuya. Abincinsa ɓeraye ne daskararru da ake sayarwa a kanti, suna nan cikin firjin gidan, kusa da naman da maigidan zai ci. In macijin ya ƙi cin abinci, sai gun likitan dabbobi. Iri biyu aka fi ajiyewa, kuma duk ba su da dafi. Akwai wani siriri mai ruwan lemo, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka. Ɗayar kuwa tamu ce ta Afirka ta Yamma, ƙaramar mesa wadda da ƙyar take wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Tana iya shekara 20 zuwa 30 a raye. Tun daga shekarun 1970 an fitar da miliyoyinta daga Togo da Benin da Gana, mafarauta na tono ƙwai da masu ciki daga ramuka, a ƙyanƙyashe, a loda 'ya'yan a jirgin sama. Yanzu Turawa sun iya hayayyafa ta da kansu, suna haɗa jinsi don fitar da launi, kuma launin ne ke da kuɗi. Wadda aka kamo daga daji ba ta da wata daraja a kasuwarsu. Ga kuma yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki: ba takardar izini, jami'an kwastan su ƙwace kaya, mai kaya kuma ya shiga uku. Maganar kasuwanci ke nan, ta mutu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. 'Yan uwanmu da ke nan sun kasu biyu, wasu na cewa hauka ne, wasu na cewa wayewa ce, mu ne duhun kai ya hana mu. Ban yarda da ko ɗaya ba. Duk faɗin Birtaniya macizai iri uku ne 'yan ƙasa, ɗaya ne kawai mai dafi, kuma rabon da saransa ya kashe mutum tun 1975. Yaro zai girma har ya yi furfura bai taɓa zuwa ta'aziyyar wanda maciji ya sara ba. To me zai tsorata? Mu kuwa muna da kasa da gamsheƙa da kububuwa, wadda ke sa jini ya ƙi daskarewa har mutum ya yi ta zubar da shi ta dasashi. Lokacin girbi ka je asibitin Kaltungo a jihar Gombe ka ga manoma da makiyaya da aka kwantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara da saran maciji, kuma sai a 2017 ta mayar da shi sahun gaba na cututtukan da aka yi watsi da su. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma yana da gaskiya. Kai, ko tarihinmu ma da kashe maciji ya fara, a rijiyar Kusugu ta Daura. Su ma Turawan ba wai ba su san tsoro ba ne: tun 1976 dokarsu ta hana ajiye mai dafi sai da lasisin ƙaramar hukuma.

A garin nan da nake akwai wani kiwon macijin da ya shafe mu kai tsaye. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, wadda aka kafa a 1898, tana da ɗakin macizai masu dafi, ciki har da kububuwar Najeriya. Ana tatsar dafinsu, a riƙa yi wa tumaki ko dawaki allurarsa kaɗan-kaɗan, sannan a tace magani daga jininsu. Ta haka aka samar da maganin EchiTAb da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Najeriya, wani ana yinsa a nan Birtaniya, wani a Kosta Rika. Cikin waɗanda suka daɗe suna wannan bincike akwai Farfesa Abdulrazak Habib na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam, nan titin Zariya, inda daga gidanmu da ƙafa ma sai a je. Mu da muka tashi a unguwar, mutum nawa ne a cikinmu suka san haka?

Sai dai, Yaya, akwai inda Turawa suka sa na ji kunya. Dokarsu ta 2006 ta ɗora wa duk mai dabba nauyin cinta da shanta da makwancinta da lafiyarta, in ya gaza kotu na jiransa. Mu da aka karantar da mu tun muna makarantar allo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, mu ne ke rataye kaji kai ƙasa a bayan babur tun daga ƙauye har kasuwa, mu ne ke kallon yara na jifan ƙadangare muna hira. Wasu gardawan ma sai sun fasa wa maciji haƙori kafin su fito da shi wasa. Ba na cewa Turawa sun fi mu tausayi. Abokin aikin nan nawa ya san ranar da macijinsa zai yi saɓa, amma bai san sunan tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a gidan da ke jikin nasa ba. Wasu kuma in kuɗin wuta ya yi musu yawa sai su yar da dabbar a bakin hanya cikin kwali.

'Yarka ta nan ita ma ta roƙe ni in saya mata, don wata ƙawarta na da shi. Na ce a'a. Na farko, uwarta ba za ta sake runtsawa a gidan ba. Na biyu, kulle rai shekara ashirin da wani abu a cikin akwati amana ce da ban ga dalilin ɗaukarta ba.

Ka ce wa yaron ya bar batun gardi. In da gaske dabbobi yake so, ya dage da karatu ya nemi likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuɗin JAMB ɗinsa na wuyana. Sannan don Allah ka ja kunnen masu yi maka aiki a gona: in tsautsayi ya faɗa, ban da tsaga wurin, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau, ban da zaman jiran mai magani. A ɗauki mutum a nufi asibiti nan take.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka.