Faifai Ba Ya Faɗin Sunan Makaɗinsa

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi da wuya a sami magidancin da bai san muryar Alhaji Mamman Shata ba. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama Musawa, inda aka haife shi cikin 1923, tana nan cikin ƙasar Katsina. Ya rasu cikin 1999, amma har yanzu in aka sa waƙarsa, ko a rediyo ko a wayar hannu, sai a ga dattawa suna kaɗa kai. To, amma in aka tambayi mai sauraro wace shekara aka ɗauki wannan waƙa, a wane gari, su wane ne ke riƙe da kalangai, galibi sai ya yi shiru. Wajen wannan al'amari akwai waɗansu mutane a Amurka da su ka isa a yi koyi da su.

Can a Amurka akwai wani kiɗa da a ke kira jaz. Baƙaƙen mutane ne su ka ƙago shi, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka, a wani birni na bakin babban kogi wai shi Niyu Oliyans. Ga yadda a ke yinsa. Da fari makaɗa su kan busa karin gaba ɗaya don kowa ya gane shi. Sa'an nan sai su shiga karɓa-karɓa, kowa ya sarrafa karin yadda zuciyarsa ta ba shi nan take, mai ganga kuwa yana riƙe musu da ma'auni. Saboda haka ba su busa abu ɗaya sau biyu daidai wa daida.

Wanda ya san Shata ba zai ji wannan baƙon abu ba. Shi ma a tsaye ya ke ƙaga waƙa. Ya jefa magana, 'yan amshi su cafe, kalangu ya maimaita ta da bakinsa, watau sama da ƙasan murya irin na Hausa. Waƙar da ya yi jiya, in ya sake ta yau a wani fage, sai an ji sababbin ɗiya a ciki. Ashe ke nan kowane ɗauka guda, yini guda ne na rayuwar mawaƙi wanda ba zai komo ba.

Mutanen jaz sun gane haka tun da wuri. An fara sayar da faifan jaz cikin 1917. Faifan garmaho na lokacin ya kan juya sau 78 a minti ɗaya, gefe guda kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku, in ya faɗi kuwa sai ya fashe kamar kasko. Duk da haka su ka adana shi, su ka rubuta labarinsa. Babban gwaninsu, Louis Armstrong, mai busa wani ƙaho ɗan'uwan begilar soja, ya ɗauki wani kiɗa mai suna West End Blues a birnin Shikago cikin 1928. Yau an san ranar da aka ɗauka, an san sunan kowane makaɗi da ke cikin ɗakin, har da Earl Hines mai kaɗa piyano. Armstrong ɗin nan ya zo Nijeriya cikin 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Ya rasu cikin 1971, amma abokan aikinsa ba su ɓace ba, domin alƙalami ya riƙe su.

A ƙasar Hausa kuwa an riƙe sunan uban waƙa, an bar na bayansa. Kowa ya san Narambaɗa da Ɗanƙwairo, amma mutum nawa za su iya faɗin wanda ya kaɗa musu kotso? Alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In makaɗi ya yi sanyi, waƙa ta kwanta, kome gwanintar mai ita. Ga kuma wata hasara. Tsofaffin kaset suna nan jibge cikin akwatuna da adakoki, zafi da ƙura suna cinsu. Waɗanda aka juye cikin waya kuma sau da yawa ba suna, ba shekara. Dattawan da su ka halarci wasannin nan da idonsu, su ka san wanda aka yi wa waƙar da dalilinta, kullum raguwa su ke yi.

To, a nan ne wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci zai ga amfanin wahalarsa. Ba a bukatar kuɗi, sai littafin rubutu da fensir. Ya sami tsohon da ya sani, a sa waƙa su ji tare, ya tambaye shi. Ya rubuta sunan waƙar, da wanda aka yi wa, da garin da aka yi ta, da shekara in an tuna, da sunayen makaɗa da 'yan amshi. Abin da ba a tabbatar ba ya bar gurbinsa, kada ya cika da ƙarya. Kaset kuma a ajiye shi a inuwa, a juye shi tun bai tsinke ba.

Bayan wannan sai ya koyi saurare da natsuwa. Karo na fari ya bi maganar mawaƙi. Na biyu ya bar ta, ya kasa kunne ga kalangu kaɗai, ya ji inda ya ke jan mai waƙa da inda ya ke jiransa. Lalle zai tarad da abin da ya shekara ashirin yana wucewa ta kunnensa bai lura ba.

Wanda ya yi haka ya biya makaɗa hakkinsu, ya kuma bar wa 'ya'yansa gado. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe amana, amin.