Ɗalibai a Masallacin Yama

A lokacin hutu na raka waɗansu ɗalibai zuwa Yama, ƙauye a jihar Tawa, domin ganin masallacin Juma'a wanda magini Falke Barmu ya soma ginawa da laka a 1962, har ya samu kyautar Aga Khan a 1986.

Da isarmu kowa ya kama abin da ya fi so. Mai sha'awar zane ta zauna a inuwa tana zana hasumiyoyi huɗu, babu wadda ta yi kama da ƴar uwarta. Mai karatun gini ya shiga yana nuna wa abokansa yadda bakan gizo ke ɗauke da rufi. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi.

Ɗalibi ɗaya ne ya yi shiru. A hanyar komawa ya shaida mini babansa na shirin rushe soron kakansu, a sa siminti da kwano. Ya ce zai roƙe shi a yi masa yaɓe kawai.

Iyaye, kafin a rushe, a tambayi tsofaffin magina tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.