Baƙin Da Suka Tsufa A Ƙasar Gumel

Wata 'yar makaranta ta aiko da takarda tana tambaya, wai shin gaskiya ne akwai Turawan da in sun gama aiki sai su bar ƙasarsu, su tafi ƙasar zafi su ƙarasa kwanakinsu a can? Gaskiya ne, yarinya. In kin je Gambiya, a Kololi da Kotu da ke bakin teku, za ki tarar da tsofaffin Ingila da na Holan suna shan iska. A Malindi ta ƙasar Kenya mutanen Italiya ne suka yi yawa. Ƙasar Tailan har takardar zama ta musamman ta yanka musu: mutum ya kai shekara 50, ya kuma ajiye baht 800,000 na kuɗin ƙasar a banki, sai a bar shi ya zauna.

Abin da ya ke kai su biyu ne. Na fari sanyi, gama tsohon ƙashi ba ya son ƙanƙara. Na biyu kuɗi, domin fanshon da ba ya isar mutum hayar ɗaki a Landan, a can sai ya kama gida har ya ɗauki kuku. Amma kada ki zaci ba su da damuwa. Gwamnatin Ingila takan ƙara wa tsofaffinta fansho kowace shekara, amma wanda ya tare a Tailan ko Gambiya ko Kenya ba a ƙara masa ko anini. Abin da ya fara karɓa, shi zai yi ta karɓa, kaya kuwa suna ta tsada. Ga tsoron ciwo, ga kewar jikoki, ga tunanin inda za a binne mutum.

To, mu nan ba mu da teku. Turawan mulki da suka shigo ƙasar Gumel a 1903 ba su tsufa a cikinta ba, kowa lokacinsa ya cika sai ya naɗe tabarmarsa ya koma Ingila. Malaman Indiya da na Pakistan da na Gana da suka cika makarantun Jihar Kano a shekarun 1970 su ma sun watse. Amma fa muna da namu baƙin da furfura ta riske su a nan, kuma damuwarsu ita ce dai waccan ta Turawan bakin teku. Bambancin kurum, su Turawa zaɓen wurin tsufa suka yi, namu kuwa neman abinci ne ya kawo su, tsufa ya cim musu ba su shirya ba. Ki ɗauki gyalenki mu zaga ki gani.

Daga Kano zuwa Gumel wajen mil 75 ne, arewa maso gabas. Tun kafin ki isa za ki ga ƙasa ta koma rairayi, gonakin gero da wake da riɗi sun miƙe iyakar ganinki. Garin shi ne fadar masarautar da a ke yi wa kirari da Lautai, wadda ta haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, duk a Jihar Jigawa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991. Abin da zai ba ki mamaki, sarautar kanta baƙuwa ce a wurin. Mangawa ne suka kafa ta, kuma a Tumbi fadar ta ke, can cikin ƙasar da yanzu a ke kira Nijar, kafin a dawo da ita Gumel a 1845. Garin da sarakunansa suka yi ƙaura suka zo, ai ba ya yi wa baƙo gori.

A nan na sauka wurin wata tsohuwa Bayarabiya, mutuniyar Offa, wadda duk unguwa ke ce wa Iya. Tana amarya mijinta ya kawo ta, shi yana ɗinki, ita tana sayar da kwanoni da tasoshi. Yau shekara ta fi 40. Mijin ya rasu an binne shi a Gumel, 'ya'ya sun yi karatu sun watse Ibadan da Legas. Hausa a bakinta sai ka ce a nan aka yanke mata cibi, sai dai in ta fusata harshen gida ya kan ɓullo.

Na tambaye ta, Iya, me ya hana ki komawa gida? Sai ta yi dariya, ta ce ai ta koma. 'Ya'yan sun zo da mota sun kwashe ta da komatsanta, suka kai ta gidan da marigayin ya gina a Offa, gidan da suka shekara 20 suna tara kuɗinsa, suna cin tuwo da miyar kuka don a sayi kwano da siminti. Wata uku ta yi. Ta ce sa'o'inta duk sun mutu, matan unguwar ba su san ta ba, in ta fita sai a riƙa nuna ta ana cewa ga Bahaushiya. Ba mai aiko mata da goron suna, ba mai kiranta wankan jego. Ran nan sai ta ɗaure kayanta ta nufi tasha. Gidan yana can a kulle, ƙadangaru na gadi.

Ki lura da wannan, ke da ki ke makaranta, domin wata rana aure ko aiki zai iya kai ki garin da ba ki taɓa jin sunansa ba. Namiji baƙo yana da kasuwa, yana da masallaci da majalisa. Mace kuwa sai abin da ta shuka a gidajen maƙwabta. Iya ta shekara 40 tana zuwa barka da gaisuwar mutuwa, tana zubin adashi, tana ba da bashin kwanon jere ga uwar amarya har kaka ta yi. Fanshonta ke nan. Ranar da hawan jini ya kayar da ita, yaran maƙwabta ne suka kai ta babban asibitin Gumel, matan unguwa suka yi ta karɓa-karɓar jinya, kafin ɗanta ya iso daga Legas bayan kwana biyu. Abin da ke damunta yanzu kuɗin mota ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zuwan jikoki da a ke yi kowace Salla ya koma sai shekara-shekara, sauran sai murya a waya. Ƙananan kuma ba sa jin Hausa, ita kuwa Turancinsu ya fi ƙarfinta.

Kusa da tasha akwai wani dattijo Ibo mai sayar da kayan gyaran keke da babur. Mahaifinsa ya gudu da su lokacin tarzomar 1966, shi kuma ya dawo Arewa bayan an gama yaƙi a 1970. Tasa damuwar dabam ce. Mu Musulmi inda ajali ya same mu nan a ke rufe mu, ko rana ba ta faɗi ba. Su kuwa a al'adarsu dattijo ba ya kwanciya a baƙon wuri, sai an kai gawa garinsu. Saboda haka ƙungiyar 'yan garinsu ke tara kuɗi wata-wata, domin ranar da za a ɗauki hayar mota zuwa Kudu. Ya ce shi bai taɓa fashin zubi ba. Na ga ya faɗi haka hankali kwance, yana ƙirga ƙusoshi.

Daga Gumel sai mu karkata wajen Haɗejiya, mu leƙa Gagarawa. Tashar jirgin ƙasa ce ta ɗaukaka sunan wurin, a kan layin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Zamanin gyaɗa nan a ke loda buhuna, reluwe kuwa ta kawo ma'aikata daga ko'ina cikin Nijeriya. Daga shekarun 1980 harkar jirgi ta yi rauni, yawancinsu suka tafi. Na sami ɗaya da ya rage, mutumin ƙasar Binuwai, tsohon mai duba layi, ya auri 'yar gari ya sayi gona. Shi ne ya fi kama da Turawan bakin teku, gama shi mai fansho ne na sosai. Hirarsa duk a kan ranar biya ta ke. Dā, in ji shi, sai mutum ya yi tattaki zuwa birni ya tsaya a layi don a tabbatar yana da rai. Yanzu da wayar hannu a ke yi, a ɗauki hoton fuskarsa a aika. Jikarsa 'yar aji uku ce ke yi masa, shi kuwa sai ya sa hularsa ta Salla ya gyara zama, wai kada hukuma ta gan shi a wulaƙance. Kuɗin dai ba sa kai shi tsakiyar wata. Riɗin gonarsa da awakin matarsa ne ke cike giɓin.

Amma in kina son ganin baƙi da gaske, sai ki dako ranar Alhamis ki tafi Maigatari. Tafiyar ba ta da nisa daga Gumel, arewa sak, har bakin iyakar Nijar. Ran nan garin ba masaka tsinke. Ga shanu da raƙuma da tumaki da jakai daga ƙasar Damagaram da gaba da ita, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kudu, ga 'yan canji da damin Naira da na sefa, ga kanwa da dabino. Ƙura kuwa, kada ki sa farin zane.

A gefen kara, inda a ke cinikin dabbobi, za ki ga tsofaffin Buzaye zaune a inuwa, fuska a naɗe da rawani, butar shayi a kan garwashi. Da yawansu fari ne ya koro su, na 1973 da na 1984, sa'ad da dabbobinsu suka ƙare. Mutumin da dā ya ke da garken raƙuma sai ga shi yana gadin kantin wani a Kano. Wanda na zauna da shi ya yi gadi shekara 30, ido ya soma yana, maigidan ya sallame shi da ɗan abin da ya sawwaƙa. Gadi ba shi da fansho. Bai koma hamada ba, gama ba raƙumi ko ɗaya da zai tarar, bai kuma iya zaman Kano ba. Sai ya zaɓi Maigatari, ya kama ɗaki a gidan wani fatoma, watau mai saukar da fatake. Na ce, Baba, don me nan? Ya ce nan ne kaɗai zai zauna a Nijeriya labarin gida ya riƙa zuwa masa da ƙafarsa kowane mako. Wa ya mutu, wa ya haihu, ina aka yi ruwa, duk ran Alhamis ya ke ji. Yakan yi wa 'yan'uwansa tafinta wurin dillalai, a ba shi na goro.

Duniya kuwa ta juya masa. Sa'ad da ya zo, Naira ce mai ƙarfi, shi ke aika wa na gida. A 2024 jaka guda ta sefa, watau 1,000, ta haura Naira 2,000, sai ga shi ɗan ƙanensa ne ke aiko masa daga can. Ya ce da fari kunya ta hana shi karɓa.

Babban tashin hankalinsa rufe iyaka. An rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba ta 2020, Maigatari tana cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Mu da ke nesa labari mu ke ji a rediyo. Shi kuwa kasuwa ta ragu, aike ya yanke, na goro ya ɗauke. Ga kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mutanen ƙasashenta damar shige da fice. Tsohon bai san sunan yarjejeniya ba, bai kuma taɓa riƙe takardar zama ba. Tambayarsa guda ce, ko wata rana za a ce masa ya tashi. Matarsa, wata 'yar siririyar tsohuwa mai saƙar tabarma, ta ce in an kore su ita dai sai an haɗa da kabarin 'ya'yanta biyu. Sa'an nan ta miƙo mini shayi na uku, mai zaƙin nan, ta ce in sha kada ya huce.

Idon nasa yana iya gyaruwa, na gaya musu, domin yanar ido aiki ne na ɗan lokaci a asibitin ido na Kano. Kuɗin mota da mai rakiya ne babu. In akwai irinsa a zauren gidanku, ki tambaya ko ciwon nasa mai magani ne, don sau da yawa ba su sani ba.

Sule Tankarkar tana yamma da Gumel, ita ma ta yi iyaka da Nijar, can na ƙarasa zagayen. Na yi ta neman baƙo ban samu ba, har wata malamar makaranta ta yi mini dariya, ta ce kakarta ma daga hayin iyaka aka auro ta, haka matan ƙauyensu da dama, ba wanda ya taɓa kiransu baƙi. Ta kai ni wurin kakar. Na tarar da ita tana sussukar gero, tsufa ya ranƙwafar da ita. Na tambaye ta yadda ta yi da iyaka ta rufe. Ta ce a lokacin ne ƙanenta ya rasu a can, aka ɗora ta a amalanken shanu aka bi ta gonaki, ta yi kwana bakwai ta dawo. Na ce, Kaka, ba ki ji tsoron hukuma ba? Ta dube ni, ta ce ita tun tana budurwa ta ke bin hanyar nan, har yau ba ta ga zanen da a ke faɗi ba. Ta sa aka ɗebo mini gero a ƙwarya, ta ce in kai wa yara su sha fura.