'Ya'yan Baiwa: Daga Kustantiniyya Zuwa Baure

Marubutan Rumawa da suka yi ƙarnuka suna rubutu da Girkanci ba kasafai suke kiran Musulmi da sunansu ba. Sun fi cewa Agarenoi, wato 'ya'yan Hajara, kuma abin da ake so mai karatu ya tuna shi ne Hajara baiwa ce, Saratu ce uwargida. Yuhanna na Dimashƙu, malamin Kirista da ya rasu wajen 749, wanda mahaifinsa babban ma'aikaci ne a fadar Banu Umayya, ya bi ɗaya sunan, Sarakenoi, ya fassara shi da waɗanda Saratu ta sallama hannu wofi. Fassarar ba ta da tushe a ilimin harshe, amma ta biya buƙata: ta ɗauke gardama daga kan aƙida ta ɗora ta kan gado. Wanda aka ce uwarsa baiwa ce, ba sai an saurari hujjarsa ba. A ƙarni na 12 ma gimbiya Anna Komnene na amfani da waɗannan sunaye a tarihin mulkin mahaifinta. Mahajjatan da ke sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, suna bin sawun Hajara, da wuya su ji zagi a cikin sunan, amma zagi aka nufa.

Mutumin ƙasar Daura bai kamata ya yi saurin jinjina kai ba, domin dabarar tana cikin labarin da ya tashi yana ji. Bayajidda ya haifi Bawo da Daurama, ya haifi Karɓagari da ƙwarƙwara, Bagwariya. Daga ɗakin sarauniya aka fitar da mafi yawan Hausa Bakwai. Daga ɗakin baiwa aka fitar da Banza Bakwai: Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Yarabawa da Kwararrafa. Kabin da Kanta ya gina, wadda ta gagari Songhai, kalma ɗaya ta mayar da ita banza. An karɓe su a matsayin dangi, amma dangin da ba a zama da su ranar rabon gado.

Sai reshe ya juye da mujiya. A Infaƙul Maisuri, Muhammadu Bello ya kawo ruwayar da ta ce Bawo kansa bawan Sarkin Barno ne. A farkon ƙarni na 19 Malam Ishaku ya ci Daura da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fice, danginsa suka kafa sarauta a Zango, wani reshe kuma a Baure, kamar yadda M. G. Smith ya bi diddigi a littafinsa na 1978. Sunan da ya manne musu shi ne Haɓe, kalmar Fulatanci ga wanda ba Bafulatani ba, wadda a bakin mutane da yawa ta ɗauki warin arnanci, alhali sarakunan nan suna salla, suna da limamai da alƙalai. Turawa sun mayar da gidan Zango kan karagar Daura a 1906, lokacin Malam Musa, amma a takardunsu da Haɓe suka ci gaba da rubuta su.